Daga filin ƙwallo zuwa kasuwar Roxy: yadda ƙwaya ke kama manyan ƴan wasa, da yadda wasu suka kuɓuta

Ranar 1 ga Janairun 2024, saura kwana 12 a buɗe gasar cin kofin Afirka a filin wasa na Ebimpé da ke arewacin Abijan, wata doka ta fara aiki wadda yawancin masu kallo ba su ji labarinta ba. Hukumar yaƙi da shan maganin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, wadda masu Faransanci suka sani da AMA, ta saka tiramadol cikin abubuwan da aka haramta wa ɗan wasa a lokacin gasa. Ba wani baƙon magani ba ne. Shi ne dai tiramol ɗin da ake kiran sunansa a tashoshin mota daga Maraɗi har Adjamé, wanda hukuma ta sha kwashe irinsa a kasuwar Roxy, inda aka daɗe ana sayar da magani a kan tire kamar goro.

Hukumar ta shekara goma sha biyu tana sa ido a kan wannan ƙwaya, tun daga 2012, kafin haramcin ya fara aiki. Masu tseren keke sun riga kowa: ƙungiyarsu ta duniya ta hana shi tun Maris na 2019, kuma a kansa ne aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a tseren zagaye Faransa na 2022. Dalilan da WADA ta bayar sun haɗa da cewa yana ƙara wa ɗan wasa juriya ta hanyar dushe zafin gajiya, yana kawo jiri da rashin natsuwa, sannan yana kama mutum. Wannan na ƙarshen shi ne batunmu, domin a nan ne labarin mai albashin miliyoyi a Turai ya haɗu da na ɗan dako a bakin tashar jiragen ruwa ta Abijan.

Ba duk wanda aka dakatar ba ne mashayi

Akwai ruɗani da ya kamata a fara kawarwa. Da zarar an ji an kama ɗan wasa da “ƙwaya”, sai majalisar shayi ta yanke hukunci cewa ɗan shaye-shaye ne. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma misalan suna nan kusa da mu.

A Maris na 2011 aka dakatar da Kolo Touré, wanda ya tashi a makarantar ƙwallo ta ASEC Mimosas, lokacin yana Manchester City. Abin da aka samu a fitsarinsa maganin sa fitsari ne, daga wata ƙwayar rage ƙiba ta matarsa. An hana shi wasa wata shida, ya dawo, ya kuma ɗauki kofin Afirka da Giwaye a 2015. Shekara goma bayan haka kusan irin wannan ya faɗa wa André Onana na Kamaru yana Ajax: ya ce ya sha maganin matarsa bisa kuskure yana neman na ciwon kai, aka yanke masa wata 12, kotun wasanni ta duniya ta rage zuwa tara. Sylvain Gbohouo, mai tsaron gidan Kwaddibuwa, ya rasa gasar Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022 saboda wani maganin zuciya da aka gano a jikinsa, FIFA ta kuma dakatar da shi wata 18, duk da cewa ɓangarensa ya ce likita ne ya rubuta masa.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan ukun da aka ce ƙwaya ta kama shi. Dokar wasanni ce mai tsauri: duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhakinsa, ko da saninka ko babu. Kamuwa kuwa wani abu ne dabam. Ita ce lokacin da mutum ya ga abin yana cutar da shi, yana cin kuɗinsa da aikinsa da iyalinsa, ya yi niyyar bari, ya kasa. Wanda ya sha don ya ci gasa yana iya ajiyewa gobe idan ya ga masu gwaji. Wanda ta kama ba ya iyawa, kuma abin takaicin shi ne shi ne gwajin ya fi kasa ganowa, domin ya ƙware a ɓoyo.

Mai tsaron gida da ya sha ninki shida

Wanda ya fi kowa buɗe cikinsa a kan tiramadol shi ne Chris Kirkland, tsohon mai tsaron gidan Liverpool da Wigan, wanda ya taɓa tsare wa Ingila raga sau ɗaya a 2006. Ciwon baya ya daɗe yana damunsa. A 2013, yana Sheffield Wednesday, ya fara dogaro da maganin kashe zafi don kada ya rasa wasa. Da farko don baya yake sha. Daga baya ya lura cewa ƙwayar tana kwantar masa da fargaba da kewar gida, sai ya riƙa sha ko bayan bai motsa ba.

Iyakar abin da likitoci suka yarda babban mutum ya sha a yini shi ne miligiram 400. Kirkland ya ce ya kai yana shan 2,500, wato ninki shida da ɗoriya, yana saye ta intanet. A 2016, lokacin da ƙungiyar Bury ta je atisaye Fotugal, ya hau saman bene da niyyar kashe kansa, sai ya fasa ya kira matarsa. Ya shiga cibiyar magani a 2019, ya fito, ya sake komawa ruwa lokacin kullen korona, sai a 2022 ya bari, ya kuma fito ya faɗa wa duniya. Duk tsawon shekarun da yake wasa da wannan hali, tiramadol bai cikin jerin haramtattu, saboda haka babu gwajin da zai tona shi.

Yana da kyau a fahimci abin da ƙwayar ke yi, domin a nan ne masu cewa “ai rashin tarbiyya ne kawai” suke kuskure. Tiramadol ɗan gidan su kodin da mofin da hiroyin ne. Yana manne wa wasu wurare a ƙwaƙwalwa da lakar baya ya toshe saƙon ciwo. Amma yana da aiki na biyu da ƴan uwansa ba su cika yi ba: yana ɗaga sinadaran da ke gyara yanayin rai, irin waɗanda maganin ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa mai sha yake jin ciwo ya tafi, ga kuma karsashi da sakin zuciya. Wanda zai sauke buhu ɗari biyu ko zai yi gudun minti casa'in da targaɗe, me ya fi wannan a wurinsa?

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta barin abu yadda aka same shi. Idan ana ba ta daga waje kullum, sai ta rage nata. Ƙwaya ɗaya da ta isa a watan farko ba ta isa a na uku. Ranar da ba a samu ba kuma jiki ya tayar da bore: zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma da hawaye, rashin barci, ga fargaba mai sa mutum ya ji kamar ransa zai fita. Daga wannan mataki ba don daɗi ake sha ba, ana sha ne don a iya tashi daga shimfiɗa. Idan adadin ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, idan kuma aka haɗa da barasa ko maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

Kirkland ba shi kaɗai ba ne a al'adar wasa da ciwo. Binciken likitocin FIFA a gasar duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ya nuna kashi 39 cikin ɗari na ƴan wasan suna shan maganin kashe zafi kafin kowane wasa. Yawancinsu ƙananan magunguna ne irin su dikulofenak, waɗanda ba sa kama mutum. Amma wanda ya saba cewa ba a shiga fili sai da ƙwaya, ranar da ƙaramar ta kasa, babbar zai nema.

Barcin da ba ya zuwa

Ƙofa ta biyu ita ce barci. Ana tashi daga wasan dare wajen ƙarfe goma, jini yana tafasa, an sha abubuwan da ke hana gyangyaɗi kafin wasa, gobe da safe kuma akwai atisaye ko jirgi. Sai likitan ƙungiya ya ba da ƙwayar barci ɗaya.

Ta nan aka shigo wa Dele Alli, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Sau biyu a jere, 2016 da 2017, ana zaɓensa gwarzon matashin ɗan wasa a Ingila yana Tottenham, ya ci wa Ingila ƙwallo a wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 2018. Daga nan tauraronsa ya dushe, ƴan jarida da masu kallo suka yi ta kiransa malalaci. A Yulin 2023, cikin wata hira da Gary Neville, ya bayyana cewa maganin barci ya kama shi, har yakan sha da rana don kawai ya daina tunani, kuma ya yi mako shida a wata cibiyar magani a Amurka bayan dawowarsa daga zaman aro a Turkiyya. Ya kuma faɗi abin da ke ƙarƙashi: an ci zarafinsa yana ɗan shekara shida, ya fara shan taba yana bakwai, yana takwas ana aikensa da ƙwaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ta riga ƙwallon zuwa.

Ƙungiyar ƴan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta fitar da wani bincike a 2015 da ya nuna kashi 38 cikin ɗari na masu wasa da aka tambaya suna da alamun damuwa ko fargaba. Shan barasa fiye da kima ya kai kashi 9 a masu wasa, amma ya haura zuwa 25 a waɗanda suka yi ritaya. Wannan tazarar tana faɗin abu da yawa. Mutum yana ɗan shekara 33, an daina kiran sunansa a filin wasa, waya ta yi shiru, gwiwa tana ciwo, ga yini guda ba abin yi.

Maradona da wasan Najeriya

Duk wanda ya kalli gasar duniya ta 1994 yana tuna ranar 25 ga Yuni. Samson Siasia ya fara ci wa Najeriya, Caniggia ya rama biyu, aka tashi Ajantina na da 2, Najeriya 1. Da aka busa tashi, wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Diego Maradona zuwa ɗakin gwaji, yana tafe yana murmushi. Wasansa na ƙarshe ke nan wa ƙasarsa. An samu efedirin a jikinsa, aka kore shi daga gasar, aka hana shi wasa wata 15.

Wannan shi ne karo na biyu. Na farko a 1991 ne yana Napoli, kuma hodar ibilis ce, wadda shi da bakinsa ya ce ya fara sha tun yana Barcelona a farkon shekarun 1980. Labarinsa ya haɗa abu biyun da muka raba a sama: na 1994 laifin gasa ne, na 1991 ciwo ne da ya kusa shekara goma yana ci a ɓoye, kowa na kusa da shi ya sani, ba wanda ya tsawatar tunda ƙwallo na shiga raga. A Janairun 2000 zuciyarsa ta kusa tsayawa a Uruguwai, ya tafi Kyuba jinya, a 2004 ya sake kwanciya rai a hannun Allah a Buenos Aires. Ya rabu da hodar daga baya, har ya zama kocin Ajantina ya sake doke Najeriya da ci ɗaya a 2010, amma barasa da magunguna ba su sake shi ba. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 2020 yana da shekara 60.

Mu dawo gida

Mai karatu na iya cewa waɗannan duk matsalar masu kuɗi ce. Ni dai ban ga bambanci ba sai a girman albashi. Ɗan ƙwallo da ɗan dakon tashar jiragen ruwa da mai tura amalanke a kasuwar Adjamé da yaron gbaka duk jarinsu ɗaya ne, wato jiki, kuma dukkansu ranar da ba su fita ba wani ya gaje wurin. Ɗan uwanmu da ya baro Tawa ko Dogon Dutsi ya zo ci-rani yana da iyali da ke jiran aike ƙarshen wata, kamar yadda yaron da ya samu ƙaramar ƙungiya a Tunisiya ko Beljiyam yake da dangi talatin da suka ɗora masa ido. Babu mai cewa “yau ba ni da lafiya” a cikinsu.

Bambancin da ke akwai ma ya fi cutar da namu. A kantin magani tiramadol na miligiram 50 ne ko 100, da takardar likita. Na bakin titi yakan zo da 120 ko 225 ko 250 a rubuce, kuma ba lalle abin da aka rubuta ne ke ciki ba. Bayan Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramadol a 2018, masu fataucin suka sauya salo. Wani binciken BBC da ya fito a Fabrairun 2025 ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai yake haɗa tapentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da wani maganin sassauta tsoka mai suna karisoprodol, ana turo su Gana da Najeriya da Kwaddibuwa da sunaye kala-kala. Gwamnatin Indiya ta hana haɗin bayan fitar rahoton. Da yawa masu cewa tiramol suke sha, wannan haɗin suke haɗiya ba su sani ba.

A Abijan abin ya samu sabon suna a 2023: “kadafi”, wato a haɗiyi ƙwayar a kora da lemon ƙara kuzari mai barasa a ciki. Hotunan samari suna tangaɗi, wasu a sandare a tsaye, sun cika wayoyi, har a Oktoban shekarar gwamnati ta dakatar da shigo da irin waɗannan lemuka. Duk malamin da ke koyarwa a unguwannin talakawa ya san alamar: yaron da ke zuwa atisayen asuba a wata “makarantar ƙwallo” da ba ta da rajista, ya iso aji ido ja, ya kifa kai. A Najeriya kuwa, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin ne. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64. Daga cikin waɗannan samari ne ake ɗibar ƴan ƙwallo da ƴan dambe da ƴan kokawa, ba daga wata duniya ba.

Damben ma ya fi ba ni tsoro. Zafi shi ne ɗan aiken da ke gaya wa mutum ƙashi ya tsage ko kai ya bugu. Wanda ya kashe ɗan aiken ya koma fage, raunin kwana goma yake mayarwa na har abada.

Waɗanda suka fita

Misalin da ya fi kowane amfani shi ne na Tony Adams, kyaftin ɗin Arsenal da Nwankwo Kanu ya taras a can a 1999. Tasa jarabar barasa ce. A Disamban 1990 an ɗaure shi wata huɗu saboda tuƙi cikin maye, ya fito ya ci gaba da sha kusan shekara shida, yana kuma ɗaukar kofuna. A 1996, bayan gasar ƙasashen Turai, ya yi makonni yana sha ba ƙaƙƙautawa, sannan ya nemi taimako ya shiga ƙungiyar masu taimakon juna don barin giya, ya kuma sanar da jama'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan ya bari ne ya jagoranci Arsenal ta haɗa kofin lig da na ƙalubale sau biyu, a 1998 da 2002. A shekarar 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance don ƴan wasa kaɗai, ƙungiyar ƴan ƙwallon Ingila tana ɗaukar nauyin mambobinta, kuma ɗan wasa na iya kira ba tare da kocinsa ya sani ba. Wannan sirrin shi ne ƙashin bayan aikin, domin abin da ke hana ɗan wasa magana tsoron a yaga kwantiraginsa ne.

Tsoron kuwa yana da tushe. A 2004 Chelsea ta kori Adrian Mutu na Romaniya bayan an same shi da hodar ibilis, aka dakatar da shi wata bakwai, daga baya aka umarce shi ya biya ƙungiyar diyyar sama da yuro miliyan 17. Duk ɗan wasan da ya ga haka ya koyi darasi ɗaya, ya ƙara ɓoyewa. Sai a 2021 WADA ta sassauta: idan abin da aka samu hodar ibilis ce ko hiroyin ko wiwi ko ekstasi, ɗan wasan kuma ya tabbatar ba a lokacin gasa ya sha ba kuma ba don ƙarin kuzari ba, dakatarwar wata uku ce, tana iya komawa wata ɗaya idan ya kammala shirin magani. A ganina wannan ita ce doka mafi hankali da hukumar ta yi, ko da yake tiramadol bai shiga wannan rangwame ba.

A nahiyarmu wanda ya fito fili shi ne Jabu Pule na Kaizer Chiefs, wanda yanzu ake kira Jabu Mahlangu. Yana cikin tawagar Afirka ta Kudu a gasar duniya ta 2002, amma barasa da ƙwaya suka sa yake ɓacewa daga sansani, damar da ya samu a Ostiriya ta lalace, dukiya ta ƙare. Ya farfaɗo, yanzu yana zagayawa yana ba matasan ƴan wasa labarin kansa. Irinsa ba su da yawa. A Afirka ta Yamma tsohon ɗan wasa ya gwammace a ce asiri aka yi masa da a ce ƙwaya ce, iyalinsa ma haka suka fi so.

Kada kuma a ɗauka bari yana nufin komawa kan ganiya. Dele Alli ya samu ƙungiyar Como a Italiya a 2025, wasa ɗaya ya buga, aka ba shi jan kati mintuna kaɗan da shigarsa, suka rabu a shekarar. Kirkland sai da ya faɗi ya tashi. Masana a Amurka suna ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma aƙalla sau ɗaya, adadin da bai wuce na masu hawan jini da ke sakin maganinsu ba. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa.

Ina za a kai shi?

Dokar Kwaddibuwa ta sauya. Tsohuwar dokar 1988 tana kai mai sha kurkuku na shekaru. Wadda aka sa wa hannu ranar 13 ga Yunin 2022 ta rage hukuncin mai sha ƙwarai, ta kuma ba alƙali damar tura shi magani maimakon gidan kaso, yayin da ta bar tsananin a kan masu fatauci. Da yawa cikin ƴan uwanmu baƙi ba su san da wannan ba, suna ɓoye mara lafiya don tsoron kada zuwa asibiti ya jawo ƴan sanda ko tambayar takardun zama.

Wuraren zuwa suna nan. A Williamsville, cikin ƙaramar hukumar Adjamé, akwai cibiyar Croix Bleue da ta daɗe tana karɓar masu fama da barasa da ƙwaya. A Marcory, maƙwabciyar Treichville, akwai cibiyar CASA da aka buɗe a 2018 da taimakon ƙungiyar Médecins du Monde, inda ake ba masu shan hiroyin maganin metadon, wanda ke riƙe jiki ya hana boren rashin ƙwaya har mutum ya iya komawa sana'a. Asibitin masu taɓin hankali na Bingerville yana karɓar waɗanda abin ya taɓa musu tunani. Wanda ya fi son a mai da shi gida, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato da Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne mari. A Satumban 2019 ƴan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, makonni kaɗan bayan haka aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, da kyakkyawar niyya, suna biyan kuɗi. Sarƙa tana hana hannu kaiwa ga ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa ciwon baya ko fargaba ko abin da aka yi wa yaro yana shekara shida. Addu'a da nasihar malami suna da wurinsu, kuma masu jinya da yawa da su suke samun ƙarfin zuciya, amma tare da likita, ba a madadinsa ba. Akwai ma hatsari na zahiri: wanda ya daɗe yana shan barasa mai yawa ko maganin barci, yankewa rana ɗaya na iya jawo masa jijjiga har ta kashe shi. Tiramol ma a hankali likita ke rage shi, mako bayan mako. Wanda kuma ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da sabon, idan ya koma kan adadinsa na da yana iya mutuwa a daren. Duk wanda aka samu ya sha, ba ya farkawa, numfashinsa na ja da ƙyar ko leɓensa ya sauya launi, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti nan take. Ba a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya shiga huhu.

Ga mai buga wasa a ƙungiyar da ake gwaji, ko a lig ɗin Kwaddibuwa ko na Nijar ko na Najeriya, lissafin ya sauya tun 2024. Tiramadol a fitsari ranar wasa na iya cin shekara biyu, kuma “ban sani ba” ba ta fid da Touré ko Onana ba. Wanda likita ya ga dole ya sha, akwai takardar izini ta musamman da ake nema tun kafin wasa, wadda ake kira AUT da Faransanci. Ƙungiyar ƴan ƙwallo irin AFI ta Kwaddibuwa ce ya kamata ta samar da layin sirri kamar na Adams, tunda likitan ƙungiya, komai kirkinsa, shugaban ƙungiya ne ke biyansa.

Kafin a samu haka, nauyin yana kan gida, kuma a nan ma Kirkland ya bar abin koyi da ba ya buƙatar kuɗin Turai. Bayan ya bari a 2022 ya ba matarsa izinin yi masa gwajin ƙwaya duk lokacin da ta ga dama ba tare da sanarwa ba, aka kuma gaya wa mai kawo wasiƙu kada ya sake miƙa masa wani ƙunshi a hannu, sai dai a ba ta.